Wane irin wake za ka saya bana: Sampea 20-T, masu jure wuta-wuta, ko Kanannadon da muka saba

Kafin ka zaro kuɗi ka sayi irin wake bana dan Allah ka fara tambayar kanka abu ɗaya, me ya cinye maka wake bara? Tsutsa ce ta huda kwanso, ko wuta-wuta ce ta shanye shi tun daga saiwa, ko ruwa ne ya ɗauke da wuri, ko kuwa waken ya yi amma ka rasa harawar da zaka ba dabbobi da rani? Domin kowane iri da masu bincike suka fitar akwai matsalar da aka haɗa shi dominta, kuma har yau babu guda ɗaya da ya kashe duka. Abin da ke damuna kenan, mutum ya ji a rediyo an ce sabon iri ya fito sai ya ruga ya saya, alhali ciwon gonarsa daban maganin da ya sayo daban.

Bari mu fara da wanda aka fi surutu a kansa, Sampea 20-T. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru a jami'ar Ahmadu Bello Zariya ce ta fitar da shi, Farfesa Mohammad Ishiyaku ne ya jagoranci aikin, da haɗin gwiwar gidauniyar fasahar noma ta Afirka wato AATF da wasu masana na hukumar binciken kimiyya ta CSIRO a Ostareliya. Hukumar NBMA mai sa ido kan irin da aka taɓa ƙwayar halittarsa a Najeriya ta amince da shi a farkon 2019, aka yi masa rajista a matsayin iri a watan Disamba na wannan shekarar. Abin da aka yi shine an ɗauko ƙwayar halitta daga wata bakteriya da ke rayuwa a cikin ƙasa wadda ake kira Bt aka sa a jikin waken, sai ya zama ganye da fure da kwanso suna ɗauke da wani sinadari da in tsutsar nan mai huda fure da kwanso da ake kira Maruka ta ci sai cikinta ya lalace ta mutu.

Wanda bai taɓa tsugunawa a gonar wake ba bazai gane girman wannan maganar ba. Ka je gona lokacin da wake ya fara fure, ka ciro fure ɗaya da ka ga ya ɗan yi laushi ka tsaga shi da farce, zaka ga wata 'yar tsutsa fara-fara mai ɗigo-ɗigon baƙi a bayanta ta naɗe a ciki, ta saƙa zare kamar yana ta manne fure da ganye, a jikin kwanso kuma zaka ga rami da kashinta ya taru a baki. Uwarta da daddare take zuwa ta saka ƙwai, 'ya'yan na ƙyanƙyashewa su shige ciki, shi yasa feshi yake wahalar kamasu, kai kana watsa magani a waje ita tana ciki tana cin abinta. In ta yi yawa tana iya cinye har kashi 80 cikin ɗari na amfanin gona, kuma ita ce take sa manomi ya yi feshi sau shida ko takwas a damina ɗaya. Da Sampea 20-T ana maganar feshi biyu ne. Ka lissafa kuɗin magani da kuɗin mai feshi da wahalar ɗibar ruwa, ka ƙara da abin da yaron da ke goye da famfo yake shaƙa ba takunkumi ba safar hannu, ni wannan na ƙarshen ma ya fi tsaya min a rai.

To amma ga inda mutane ke faɗawa rami. Wasu sun ɗauka wannan wake baya buƙatar feshi kwata-kwata, ba haka bane. Tsutsar Maruka kaɗai yake kashewa. Darɓa tana nan, ƙananan ƙwarin da ke zubar da fure suna nan, masu tsotse kwanso su bar ƙwayar ta shanye suma suna nan, feshi biyun nan saboda su ne, ɗaya lokacin da fure ya fara ɗaya lokacin da kwanso ke cika. In ka bar shi haka nan ka ce ai mai maganin kansa ne, to zaka yi asara sannan ka zo kana zagin irin. Haka kuma a rumbu ko a buhu ƙwaron wake zai ci shi kamar kowane wake.

Yana nuna a kwana 70 zuwa 75, a tsaye yake baya yaɗo sosai, ƙwayarsa fara ce matsakaiciya. Wannan girman ƙwayar ka riƙe shi a ranka, zamu dawo kansa in mun zo maganar kasuwa.

Akwai kuma cece-kucen da ake yi a kansa kuma bai kamata a ɓoye wa mai saye ba. Akwai ƙungiyoyin kare muhalli irinsu HOMEF ta Nnimmo Bassey da basu yarda da duk wani iri da aka taɓa ƙwayar halittarsa ba, suna tsoron illa ga lafiya da muhalli da kuma kar manomi ya koma bawan kamfanonin iri, ko a 2024 majalisar wakilai ta tada maganar ta nemi a yi bincike. Hukumomin da suka gwada shi kuma sun ce basu ga illa ba, kuma an daɗe ana noma masara da auduga masu Bt a ƙasashe da dama tun 1996, Ghana ma ta fitar da nata waken mai suna Songotra-T a 2024. Ni dai a nawa ganin, tsakanin wannan wake da wanda aka yi wa wanka da maganin ƙwari sau takwas, na fi natsuwa da na farkon, amma in zuciyarka bata kwanta ba kar wani ya matsa maka, akwai wasu irin masu kyau da ba a taɓa su ta wannan hanyar ba. Abu ɗaya dai da ya kamata a gyara, zancen wai in ka shuka shi bazai sake tsirowa ba ƙarya ne. Wake kansa yake yi wa barbara tun kafin fure ya buɗe, kuma wannan ba irin haibirid bane kamar masarar TELA da aka fitar a 2024, zaka iya ajiye iri ka sake shukawa. Sai dai bayan shekara biyu ko uku gara ka sabunta saboda cakuɗuwa da wani waken wajen roro da sussuka.

Yanzu ga wanda matsalarsa wuta-wuta ce, musamman mutanen arewacin Kano da Jigawa da Katsina da Yobe har zuwa Maraɗi da Damagaram inda ƙasa jigawa ce ta gaji. Wuta-wutar wake daban take da ta dawa da gero, ita gajera ce mai kauri, furenta ƙanana. Ka tuge waken da ya yi rawaya ya tsumbure ka kakkaɓe ƙasar, zaka ga wani ƙullutu ya manne a saiwa, to nan take zuƙar ruwa da abincin waken, kafin ma ta leƙo sama ta gama ɓarnar. Masu binciken tsirrai sun gano cewa ƙwayarta bata tsirowa sai ta ji wani sinadari da saiwar wake ke fitarwa, in bata ji ba tana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 tana jira. Feshi baya mata komai, iri ne kawai maganinta sai kuma juya shuka da tuge ta kafin ta zubar da 'ya'ya.

Anan Sampea 14 da Sampea 15 suke da ƙarfi, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa wato IITA ce ta haɗa su tare da IAR aka fitar a 2011, suna jure wuta-wuta da 'yar'uwarta mai furen rawaya, suna jure ƙarancin ruwa, kuma suma wajen wata biyu da rabi sun nuna. Kafin su akwai Sampea 10, kuma labarinsa yana da daɗi, juriyarsa ta samo asali ne daga wani waken gargajiya na ƙasar Botswana, sannan shine waken da masana a jami'ar Kalifoniya a Amurka suka karance jerin ƙwayoyin halittarsa suka wallafa a 2019, wanda yanzu masu haɗa iri ke dubawa su gane inda juriyar take ba sai sun jira shekaru ana gwaji a gona ba. Kuma a jikin Sampea 10 ɗin nan aka gina Sampea 20-T, shi yasa shima yana da rabonsa na jure wuta-wuta. Jami'ar aikin gona ta Makurɗi ma ta fitar da nata, Fuampea 1 da 2, masu jure wuta-wuta. Sai dai ka sani wuta-wutar wake kala-kala ce, wadda ke Najeriya da Nijar ba lallai ta zama ɗaya da ta Benin ko Mali ba, don haka irin da aka gwada a yankinku shi zaka nema. Sampea 10 da 14 da 15 da Fuampea duk ba a sa musu Bt ba, kenan Maruka tana cinsu, feshin yana nan a wuyanka yadda ka saba.

Sai namu na gado, Kanannado da Ɗan'ila da sauransu. Kar kowa ya raina su wallahi. Kanannado ƙwaya ce babba fara tas, mai ƙosai da mai alale suna so saboda ɓawon yana fita da sauƙi in an surfa, a Dawanau kuma mai saye da idonsa yake fara ciniki, babbar ƙwaya tana ɗaukar kuɗi fiye da ƙarama. Ga uwa uba harawa, yana yaɗo ya rufe ƙasa, kuma mai kiwo ya san darajar damin harawa a watan Maris da Afirilu, wani lokacin kuɗin harawar ma yana kamo na waken. Matsalarsa shine baya fure sai rana ta fara gajarta wajen ƙarshen damina, ko yaushe ka shuka shi zai jira lokacinsa, in ruwa ya ɗauke da wuri a ƙasa mara riƙe laima sai ka tashi da ganye kawai. Wuta-wuta ma tana kama shi. Wanda ke son irin wannan halin amma gyararre ya nemi Sampea 11, shima mai yaɗo ne mai babbar farar ƙwaya da harawa, yana zama lafiya a tsakanin dawa ko gero.

Kenan in gonarka tana wajen da ruwa ke da yawa kamar kudancin Kaduna, Neja, Bauchi ta kudu, inda tsutsa ke yin yawa, kuma wake zalla zaka shuka don sayarwa, Sampea 20-T ya fi maka. In jigawa ce mai wuta-wuta da gajeren ruwa, 14 ko 15 ko shi 20-T ɗin. In kana da shanu da tumaki kuma a cikin dawa kake cusa waken, Kanannado ko Sampea 11. Wanda ke da fili kuma ni shawarata ya raba, rabi mai saurin nuna da zai kawo kuɗi da abinci tun a watan Satumba lokacin da rumbu ya yi ƙasa, rabi mai yaɗo don harawa da babbar ƙwaya. In kuma kudu kake kai kaya ka tuna mutanen Legas da Ibadan jan wake suka fi so, wannan ma lissafi ne da ake yi kafin shuka ba bayan roro ba.

Wajen sayen kansa kuma a nan ake cutar mutane. Ƙwayar Sampea 20-T da ta Sampea 10 in aka zuba maka a tafin hannu bazaka bambance ba, don haka duk wanda ya auno maka a kwano daga buɗaɗɗen buhu ya ce wannan mai maganin tsutsa ne, to maganarsa kawai ka saya. Ka nemi wanda ke cikin ledarsa a rufe da sunan irin da sunan kamfanin da shekarar da aka noma shi, da tambarin hukumar kula da iri ta ƙasa wato NASC, akwai wajen da ake kankarewa kamar katin waya ka tura lambar a tabbatar maka. Ko ka bi ta wajen malamin gona na yankinku ko ka je Samaru ko ofishin IITA na Kano ka tambayi dillalan da suka sani. Eh ya fi waken kasuwa tsada, amma iri mai tsayuwa kilo 20 zuwa 25 ya ishi hekta guda, in ka raba kuɗin a kan buhunan da kake sa rai zaka ga ba shine babban kashin kuɗinka ba.

Kana kawo shi gida kar ka jira ranar shuka. Ƙirga ƙwaya 100 ka jera a jiƙaƙƙen buhun algarara ka naɗe ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa, cikin mako guda ka buɗe, in ƙasa da 80 suka tsiro ka mayar masa ko ka ƙara yawan da zaka zuba a rami. Ka duba kuma ko akwai masu ƙananan huda, alamar ƙwaro ya riga ka. Sabbin irin nan masu tsayuwa suna son a matse su, kamar santimita 75 tsakanin kunya da 20 tsakanin rami, in ka yi musu tazarar Kanannado rabin gonar ka bari a banza, kuma basa son inuwar dawa mai tsayi. Taki kuma supa yake so, yuriya da yawa ganye kawai zata tara maka tunda wake yana haɗa nasa da 'yan ƙullutun da ke saiwarsa, waɗanda in ka fasa zaka ga cikinsu ja-ja, kar ka rikita su da na wuta-wuta.

Duk wanda ka zaɓa ka haɗa kuɗin buhun PICS a lissafinka tun yanzu, mai leda biyu a ciki da buhu a waje wanda jami'ar Purdue ta ƙirƙiro, ka busar da waken sosai ka ɗaure kowace leda daban, iska na ƙarewa ƙwaron ya mutu ba tare da ka zuba komai ba. Zuba fiya-fiya a buhun wake ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, kuma wanda basu karɓa ba ai mu da 'ya'yanmu muke ci a garau-garau da ƙosai, dan Allah a daina.