Gargaɗi ga ɗaliban da ke son fara rubutun wasanni a intanet: ku kiyayi masu sayar da aikin jarida

Na rubuta wannan gargaɗi ne saboda abin da ya faru da ɗan yayata, wanda yake aji biyu a wata jami'a a Arewa, kuma na tabbata ba shi kaɗai ne aka yi wa wannan aika-aika ba. Yaro ne da ya taso da son ƙwallon ƙafa tun yana firamare, yana goyon bayan Kano Pillars a gida da Arsenal a Firimiyar Ingila, kuma tun kafin ya shiga jami'a ya saba da cewa duk daren da ya dawo daga gidan kallo sai ya zauna ya rubuta sharhin wasan a shafinsa na Facebook da Hausa mai daɗin karatu. Abokansa suna yaɗawa, mabiyansa suna ƙaruwa, har ya fara sa ran cewa wata rana wannan sha'awa za ta zama sana'ar da zai ci abinci da ita. Wannan buri nasa halal ne kuma abin a ƙarfafa masa gwiwa ne, amma ta nan ne 'yan damfara suka samu ƙofar shiga.

Saƙon farko ya zo masa ne jim kaɗan bayan ya wallafa dogon sharhi a kan wasan ƙarshe na gasar cin kofin nahiyar Afirka, wanda Ivory Coast ta doke Najeriya da ci 2 da 1 a Abidjan ranar 11 ga Fabrairun 2024. Mai saƙon ya gabatar da kansa a matsayin edita a wani shafin wasanni da ya ce hedikwatarsa tana Turai, kuma ya ce suna shirin buɗe sashen Hausa. Abin da ya fi ɗaukar hankalin yaron shi ne mutumin ya tsamo jimla guda daga cikin sharhin nasa ya yaba ta, wanda ya nuna cewa ya karanta rubutun da gaske. Daga nan aka saka shi a wani zauren WhatsApp mai cike da matasa, inda shugabannin zauren kaɗai ke da damar yin magana, kuma kusan kullum sai an turo hoton saƙon banki da ke nuna wai an biya wani marubuci haƙƙinsa da dala.

Ba a nemi kuɗi a makon farko ba. An ba shi aikin gwaji, ya kwana biyu yana rubuta tarihin yadda Pillars ta lashe gasar ƙasa sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ya tura, aka ce ya yi nasara. Sai bayan ya gama murna ya faɗa wa mahaifiyarsa aka sanar da shi cewa akwai kuɗin rajista na naira dubu 8, wanda za a mayar masa tare da albashin farko. Bayan ya biya, sai aka ce dole ya yi kwas na kwana uku a intanet, shi ma da kuɗinsa, sannan aka zo kan katin shaidar ɗan jarida. Na riƙe katin nan a hannuna: roba ce mai sheƙi da aka buga a shagon buga kati irin na bakin kasuwa, da hotonsa da tambarin da aka kwafo daga intanet, babu adireshin ofis, babu lambar wayar da za a kira a tabbatar. Duk kuɗin da ya biya, cikin asusun wani mutum ɗaya suka shiga, kuma sunan mai asusun ya bambanta da sunan wanda yake kiran kansa edita.

Babbar ƙugiyar da suke jefa wa matasa ita ce alkawarin samar musu izinin shiga manyan gasanni, musamman gasar cin kofin Afirka da gasar cin kofin duniya ta 2026 da Amurka da Kanada da Mexico suka karɓi baƙuncinta. A nan ya kamata kowane ɗalibi ya san yadda abin yake a zahiri. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, da ta duniya, FIFA, suna karɓar buƙatar izinin 'yan jarida ne ta shafukansu na hulɗa da kafafen watsa labarai, kuma ba sa sayar da wannan izini. Ana duba kafar da mutum yake yi wa aiki da shaidar ayyukan da ya wallafa, kuma a gasar cin kofin duniya gurabe ƙayyadaddu ne da ake raba wa ƙasashe ta hannun hukumominsu na ƙwallon ƙafa, wato NFF a Najeriya. Katin izinin yana ɗauke da suna da hoton mai shi, ba a ba da aronsa, kuma ba ya maye gurbin biza. Saboda haka duk wanda ya ce a turo masa kuɗi ya saya wa mutum gurbi, ko dai bai san aikin ba ko kuma ya san abin da yake yi, kuma a ganina na biyun ne ya fi yawa.

Asarar kuɗin rajista da na kati ciwo ce, amma matakin da ya biyo baya shi ne ya sa na kasa yin shiru. Da lokacin biyan albashi ya yi, sai aka turo masa fom wanda ke neman lambar BVN da lambar NIN da hoton katin cirar kuɗinsa gaba da baya, da hujjar cewa sashen kuɗi na kamfanin yana buƙatar su kafin ya turo dala. Allah ya taimake shi bai tura hoton katin ba, amma ya ba da lambar asusunsa, kuma bayan 'yan kwanaki kuɗi suka shigo fiye da abin da aka yi masa alkawari. Nan take aka kira shi aka ce kuskure aka yi, ya riƙe nasa kason ya tura ragowar zuwa wasu asusu biyu na sauran marubuta. Ya tura da zuciya ɗaya. Kuɗin nan na wani bawan Allah ne da aka damfara a wani wuri, aka bi da su ta asusun yaron domin a ɓatar da sawu, kuma da mai kuɗin ya kai ƙara, asusun da banki ya fara rufewa shi ne na ɗan yayata, domin sunansa ne a rubuce. Dokar yaƙi da damfara ta 2006, wadda hukumar EFCC ke gurfanar da mutane a ƙarƙashinta, ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba tare da zaɓin tara ba ga wanda aka samu da laifin karɓar dukiya ta hanyar yaudara, kuma ɗalibin da aka yi amfani da asusunsa shi ne zai fara zama gaban masu bincike yana ƙoƙarin nuna cewa bai san komai ba.

Akwai kuma wani reshe na wannan harka da ake bi da masu yawan mabiya. Ana ce musu su riƙa saka tallar wani zauren Telegram a ƙarshen sharhinsu, inda ake sayar da sakamakon wasannin da wai an riga an shirya su. Dabarar tsohuwa ce: a gaya wa rabin mutane cewa masu masaukin baƙi za su ci, a gaya wa sauran cewa baƙi za su ci, sannan a koma wa waɗanda aka dace da nasu a nemi kuɗi mai yawa don wasa na gaba. Ban da cewa caca haramun ce a addininmu, marubucin da ya tallata irin wannan ya sayar da amanar mutanen da suka yarda da shi, kuma su ba za su nemi mai zauren ba, shi za su nema, domin shi suka sani a unguwa da makaranta.

Kafin ɗalibi ya amsa irin wannan tayi, akwai binciken da bai fi na yini ɗaya ba. Ya duba adireshin imel ɗin da aka rubuto masa da shi, domin kafar da take da ofis da ma'aikata ba za ta ɗauki mutum aiki ta adireshin Gmail na kyauta da lambar WhatsApp kaɗai ba. Ya shiga shafin da aka ce za a wallafa rubutunsa ya ga ko akwai sunayen marubuta da ranakun da aka wallafa ayyukansu. Idan an ce kamfanin yana da rajista a Najeriya, shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC yana ba da damar neman suna kyauta. Ya kai maganar gaban wani malami a sashen koyon aikin jarida, ko ya tambayi wani ɗan ƙungiyar marubuta labarin wasanni ta ƙasa, wato SWAN, wadda take da rassa a jihohi kuma mambobinta suna zuwa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata duk ranar da Pillars ke wasa a gida. Waɗannan mutane sun san kafafen da ke biya da waɗanda ba sa biya, kuma ban taɓa jin wata kafa ta ƙwarai da ke karɓar kuɗi daga hannun marubuci kafin ta ba shi aiki ba.

Wanda kuma abin ya riga ya faru da shi, ina roƙonsa kada kunya ta sa ya ɓoye. Ɗan yayata ya yi kusan mako biyu yana fama shi kaɗai, ba ya cin abinci sosai, yana tsoron a ce ya yi wauta, kuma wannan jinkiri ya ƙara dagula lamarin, domin kafin mu je banki an riga an rufe zauren an goge saƙonni da yawa. Ya kamata mutum ya ɗauki hoton duk hirar da aka yi da shi, ya adana rasit na kowane kuɗi da ya tura, ya je reshen bankinsa da ƙafarsa ya yi bayani a rubuce, ya sauya lambobin sirrinsa, sannan ya kai rahoto ga 'yan sanda ko ofishin EFCC mafi kusa tare da wani babba daga gidansu. Hotunan hirar da suka rage a wayar yaron su ne suka taimake mu a gaban jami'in bankin, kuma sai da muka yi zuwa huɗu tare da mahaifinsa kafin aka sake buɗe masa asusun.