Shagon da Ya Haɗa Mana Littafin Tarihin Kakanmu, Tsohon Sojan Burma

Shagunan gyaran hoto da buga takardu sun yi yawa a Kano, amma kaɗan ne daga cikinsu za a iya damƙa wa tsohon hoton da ba shi da na biyu a duniya, mutum ya koma gida hankalinsa kwance. Wani ƙaramin shago da ke yankin Fagge, wanda iyalinmu suka ba aikin haɗa ɗan littafi kan rayuwar kakanmu, Allah ya jiƙansa da rahama, yana cikin waɗannan kaɗan ɗin, duk da cewa aikin nasa bai rasa aibi ba.

Marigayin yana cikin mazan jiya da suka yi yaƙin Burma a Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1943, ta kuma fafata da sojojin Japan a kwarin kogin Kaladan a 1944, cikin dajin da mota ba ta cika shiga ba, inda jiragen sama ke jefo abinci da harsasai, mutane kuma su ɗauka a ka. Bayan an sallame shi ya kama aikin lantarki a ECN, hukumar lantarki ta ƙasa a wancan lokacin, yana hawa falwaya yana jan waya, ya ci gaba har bayan 1972 lokacin da aka haɗe hukumar da ta madatsun ruwan Neja aka samar da NEPA, a can kuma ya yi ritaya. Ya rasu ya haura shekara 90, ya bar 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne waɗanda yawancinsu ba su san shi ba sai a matsayin tsoho mai carbi a zaure.

Abin da muka kai shagon bai taka kara ya karya ba: hotuna masu launin ƙasa-ƙasa da gefensu ya cinye, takardar sallama daga soja, katin aiki, da lambar yabon nan mai siffar tauraro da aka ba waɗanda suka yi yaƙin Burma. Mai shagon bai yarda mu bar masa komai ya kwana ba. A gabanmu ya goge gilashin na'urar, ya ɗauki kowace takarda a kwamfuta, ya mayar mana da ita cikin ambulan, lambar yabon kuma ya ɗora ta a kan baƙin ƙyalle ya ɗauki hotonta da kyamara.

Inda ya fi burge ni shi ne hoton soja. Wani ƙanena ya so a sa masa launi da manhajojin zamanin nan da ke sabunta fuska, sai mai shagon ya ce masa: "Yallaɓai, zan gwada maka ka gani da idonka, amma ba na ba da shawarar a buga shi." Da ya gwada, fuskar ta fito sumul, tsagen da ke kumatun marigayin ya ɓace, alamar da ke kafaɗarsa kuma ta koma wani dunƙulen baƙi marar ma'ana. Alamar nan kuwa ita ce baƙin gizo-gizo na rundunarsu, shaidar da ta bambanta su da 'yan Runduna ta 82 masu alamar mashi biyu a gicciye a kan gammo. Saboda haka ya koma kan hoton asali, ya cire tabon ruwa da layin karyewar takarda kawai, ya bar sauran yadda mai hoton farko ya ɗauke shi. A ganina wannan kamewar ita ce ainihin abin da muka biya kuɗi dominsa, domin jikan da zai buɗe littafin nan gaba yana da haƙƙin ganin fuskar kakansa ta gaskiya.

Ɓangaren rubutu ne ya ba mu wahala. A gwajin farko duk haruffa masu ƙugiya sun zube, wasu suka koma akwatuna, wasu kuma aka maye gurbinsu da haruffan da ba su ba, abin da bai dace da shagon da ke tsakiyar Kano ba. Yaron da ya buga rubutun ya kuma sa NEPA a ƙarƙashin hoton da aka ɗauka tun zamanin ECN, wai don sunan da ya sani ke nan. Sun gyara ba tare da gardama ko ƙarin kuɗi ba, amma hakan ya sa aikin ya wuce ranar alkawari.

Takardar da suka yi amfani da ita mai kauri ce, ba ta ƙyalli har ta hana karatu, kuma an ɗinke littafin da zare maimakon gam, don haka yana buɗuwa ba tare da shafi ya ɓalle ba. Farashinsu ya ɗara na maƙwabtansu kaɗan. Duk wanda zai kai musu irin wannan aiki, ina ba shi shawara ya je da rubutunsa a shirye, ya nemi a buga masa kwafi ɗaya na gwaji, ya kai wa dattawan gida su duba sunaye da shekaru kafin a buga sauran.