Zarton batir ya yi, amma washin da aka yi min a shagonsu ya kusa illata ni

Injin kansa ba shi da laifi, wannan zan fara faɗa, don kada wani ya karanta rabi ya tafi yana cewa na kushe kayan mutane. Ƙaramin zarton inji ne mai aiki da batir, irin mai mariƙi a sama da ake hawa bishiya da shi, tsawon allon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai santimita 30, batirinsa bolt 36. Sana'ata rage rassa da sauke bishiyar da ta zame wa gini ko wayar wuta barazana, kuma shekara da shekaru na fetur nake ratayawa a ƙugu. Abokan aiki da suka gan ni da wannan dariya suka kwashe da ita, wai na sayo wa yara abin wasa. Ban tanka musu ba, alhali zarton farko da Andreas Stihl ya ƙera a Jamus a 1926 na lantarki ne, sai a 1929 ya fito da na fetur. To wane ne ɗan baya a nan?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan reshe, ƙafa ɗaya a maƙale, bel ya ɗaure masa ƙugu, yana ta fincikar igiyar tayar da inji injin yana ƙi, ya san dalilin da ya sa na saye shi. Wannan maɓalli kawai za ka danna, ka saki birki, ka matsa, sarƙa ta ɗauki gudu. Babu haɗa mai mililita 100 a fetur lita 5, babu fulogin da ya jiƙe, babu kafireton da ya toshe don fetur ya daɗe a tanki. Abin da ya fi yi min daɗi ma shi ne yaron da ke riƙe min igiya a ƙasa yana jin maganata, ina jin tasa. Na fetur ƙararsa ta haura desibel 100, idan yana kuka sai dai ku yi ta nuni da hannu, kuma ko ka saki maƙunna yana nan yana gurnani. Wannan da ka ɗaga yatsa tsit kake ji. Ka ce "ja hagu" a ja hagu. A wannan sana'ar ba ƙaramin abu ba ne.

Matsalar daga shagon da na saya ta ɓullo. Ranar ciniki sun ce min sabis na farko kyauta ne, har da washin sarƙa, kuma wai kawo shi a duba yana cikin sharuɗɗan garanti. Ni dai tun da nake ban saba ba wa kowa sarƙata ba. Magagari mai kaurin milimita 4 yana cikin aljihun jakata kullum, a kan gungume nake zama in bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya a kan digiri 30. Amma tunda an ambaci garanti sai na kai. Da na je karɓa injin ya sha goga, sai ƙyalli yake, sarƙa a ɗaure, an mayar da kube. Yaron shagon yana miƙo min ya ce, "Oga, da inji aka wasa maka ita, yanzu aski za ta yi." Wanda ya karɓi kaya daga hannun masu sayar da shi ai ba zai tsaya a bakin ƙofa yana auna haƙori ba. Na yi godiya na wuce.

Aikin da ya biyo baya reshen mangwaro ne mai kauri da ya miƙe a kan rufin wani gida. Na hau, na ɗaure kaina, na ɗaure reshen da igiyar saukewa, na fara da tsagar ƙasa kamar yadda aka saba don kada ɓawo ya yage. Haƙoran na taɓa itace na san akwai magana. Maimakon sarƙar ta shiga sumul, cafka take yi tana fizgar injin, hannuna sai karkarwa yake har kafaɗa. Na koma yankan sama, sai na ga tsagar tana karkacewa gefe guda, ina miƙar da allon yana ƙi. Can injin ya ɗauke, jar fitila ta hau ƙiftawa, alamar nauyi ya yi wa motar yawa ta kare kanta. Na zaro, na sake kunnawa, na gyara tsayuwa. A nan ne hancin allon ta sama ya ɗan shafi wani guntun reshe da ke bayan wanda nake yanka. Shafa kawai fa. Wallahi ban ga lokacin da injin ya yi sama ba, ƙarar birkin kawai na ji, ƙas, sai ga allon tsaye a gaban ragar hular kwanona, tsakaninsu bai kai tafin hannu ba. Yaron da ke ƙasa salati kawai yake yi.

Kowane mai zarto ya san wannan kusurwar ta saman hanci, ita ce ke sa inji tutsu, kuma kowace sarƙa tana iya yi. Amma shafar da na yi, da sarƙa mai lafiya ɗan zabura za ta yi a riƙe ta. Wannan harbi ta yi kamar jakin da aka tsokana. Birkin ne ya yi aikinsa cikin ƙiftawar ido, kuma don haka har gobe ba zan zagi injin ba. Reshen kuwa ga shi an ci rabinsa yana reto a kan rufin mutane, ba damar a bar shi haka. Da zarton hannu na ƙarasa shi, gumi har cikin ido, mai gidan yana tsaye a ƙasa yana kallon mutumin da ya zo da inji yana gurzar itace da hannu.

Da na sauko na zauna na cire sarƙar na shimfiɗa ta a cinya. A gaban kowane haƙori akwai ɗan tudun ƙarfe, shi ke hana haƙorin ya ciji fiye da ƙima. A irin wannan sarƙar ya kamata ya gaza saman haƙori da milimita 0.65 kacal, kuma akwai ɗan ma'aunin da ake ɗorawa don kada a zarce. Su kuwa da ido suka bi su da dutsen inji, wasu an ci su har sun kusa shafewa, wasu ba a ko taɓa ba. Ke nan wani haƙorin yana ɗibar loma uku a lokaci guda, na bayansa yana wucewa a banza. Ga dalilin cafkar, ga dalilin tutsun. Sannan haƙoran ɓangare ɗaya duk sun fi na ɗaya ɓangaren gajarta, ba sai an sa ma'auni ba, ido ma ya gani. Sarƙar zamani haƙoranta hagu da dama suke bi da bi, tsarin da Joseph Cox ya fito da shi a Amurka ya fara ƙerawa a 1947, bayan ya lura da yadda tsutsar ƙwaro ke cin kututture. Dukan dabarar a kan daidaito ta tsaya, idan gefe ɗaya ya fi ci dole tsaga ta karkace. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne bakin haƙoran ya koma shuɗi. An danna su a dutse har sun yi zafi, ƙarfen ya ƙone. Na sa magagari in gwada, sai santsi yake yana zamewa, ya ƙi kamawa. Sabuwar sarƙa ce fa, ko rabin rayuwarta ba ta yi ba. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Na koma shagon da sarƙar a leda. Manajan ko karɓa bai yi ba ya fara, "Malam, ai irin wannan sai dai in ka ci ƙusa ko ka taɓa ƙasa da ita." Na ce, "Maigida, ƙusa tana dakushe haƙori, na yarda. Amma wace ƙusa ce ke bin tudun gaban haƙori tana fiƙe shi ɗaya bayan ɗaya? Wace ƙasa ce ke rina ƙarfe shuɗi?" Sai ya koma wai itacen ne mai tauri, wai ƙaramin inji ba na babban aiki ba ne. Ɗanyen mangwaro fa. A nan muryata ta fara tashi, don abin da na tsana a rayuwa a raina min hankali a kan aikin da nake ci da shi.

Hayaniyar ce ta fito da wani dattijon makanike daga ciki, hannunsa duk baƙin mai. Bai ce da kowa komai ba, ya karɓi sarƙar ya ɗaga ta wajen haske, ya bi ta da babban yatsa. Ya ciro ma'auni daga aljihun gaba ya ɗora a kan haƙori biyu, ya cire. Sai ya kira yaron da ya yi washin ya ce, "Zo ka gani da idonka. Mutum a sama yake aiki da wannan, ba a kan benci ba." Ya juyo ya ce min, "Malam, gaskiyarka ce, ka yi haƙuri. Allah ne ya tsare." Na ce, "Baba, da haka aka fara ce min da ban ɗaga murya ba." Shi ya tsaya kai da fata sai da aka ba ni sabuwar sarƙa, manajan yana ta ƙunƙuni. Kafin ya ɗaura sai da ya duba kaurinta milimita 1.1 ne daidai da kwarin allon, ya ƙirga ƙafafun da ke shiga kwarin. Yana cire murfi kuma sai ga ramin da man sarƙa ke bi ya cushe da garin katako ya daskare. Wato sabis ɗin da aka ce an yi, goge baya kawai aka yi. Ya sa waya ya sakace, ya kwashe dattin kwarin, ya juya allon sama ya koma ƙasa don ya ci daidai, sannan ya kunna ya saita hancin a kan kwali har sai da layin mai ya fito. Minti kaɗan ya ɗauka. Idan da shi kaɗai ne a shagon, da na ce kowa ya kai.

Da sabuwar sarƙar inji ya dawo hayyacinsa, ɓarɓashi manya-manya yake zubarwa, ba gari ba, kuma batir ya fi daɗewa, don sarƙa mara kyau caji take sha.

Na ce injin ba shi da laifi, amma da na ambaci batir sai wani takaicin ya taso, bari in ɗan janye. Ranar ciniki an ce min batir ɗaya zai kai ni rabin yini. A rassa ƙanana masu ɗanye, ana yi ana hutawa, ƙila. Ka sa shi a busasshen itace mai kauri ka ga yadda fitilun ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Lissafin ba ɓoyayye ba ne, bolt 36 sau amfiya 5 wat 180 ne na awa guda, iyakar abin da ke ciki ke nan, bakin mai talla ba zai ƙara masa ko ɗaya ba. Kuma kada wani ya ruɗe ku da wai nasa bolt 40 ne, sau da yawa ƙwayoyi goman nan ne dai na litiyam, wani ya rubuta ƙarfinsu na aiki, wani ya rubuta na lokacin da suka cika. Sannan ga zafi. Idan batirin ya sha aiki ka cire ka sa a caja, ba za ta karɓa ba sai ya huce, kana zaune kana kallon fitila, aiki yana jiranka. Na san don kare ƙwayoyin ne, zafi ke kashe litiyam, amma me ya hana a faɗa wa mai saye tun farko cewa da batir ɗaya ba a fita aiki? Dole na sayi na biyu, kuma dole nasu, don na wani kamfanin ba ya shiga ko da ƙarfinsu ɗaya. Tankin man sarƙar ma ɗan mitsitsi ne. A na fetur duk sanda ka zuba fetur kana cika mai, abu biyu tare suke tafiya. A nan babu abin da ke tuna maka, sai ka riƙa leƙawa da kanka duk canjin batir.

Batir na biyun shi ne yanzu muke shari'a a kai. Bai daɗe ba ya fara wani hali, yana nuna fitila uku, ka shiga itace sai ya ɗauke gaba ɗaya, ka cire ka mayar ya nuna ɗaya tana ƙiftawa. Yadda takardarsu ta ce haka nake yi, a inuwa yake kwana, ba na barinsa a rufaffiyar mota, idan zai daɗe ba aiki da wajen rabin caji nake ajiye shi. Ɗan'uwansa da nake yi wa riƙo iri ɗaya ga shi nan lafiya lau. Na kai da rasit da katin garanti, manajan nan dai ya juya shi a hannu ya ce da alama rana ya sha. Na tambaye shi wace alama, ya rasa ta cewa, ya ce za a aika kamfani a duba. Dattijon ba ya nan ranar. Duk kiran da na yi amsa ɗaya ce, ba a dawo da shi ba tukuna, kuma ba su ba ni na aro ba. Yanzu haka da batir ɗaya nake hawa, tsohon na fetur kuma yana ƙasa a cike da mai, idan wancan ya ɗauke yaro ya ɗauro min shi a igiya in jawo.