Ƙotar roba a bindigar farauta: ta rage mini nauyi, ta ci kafaɗata

Masu tambayata yadda na ji baƙar ƙotar robar da na sa wa bindigata, ga amsarku. Bindigar ƙirar Baikal ce mai baki ɗaya, 'yar Rasha, da lasisinta. Hunturun bara ne ya tsaga ƙotar katakonta daga wuya, daidai inda hannu ke kamawa, sai na yi odar ta roba wajen wani mai kayan farauta.

Da farko na yaba ƙwarai. Sai in wuni ina yawo a fadamar Rima ta wajen Wurno, bindiga na rataye, ban ji ta ba. Raɓa ba ta kumbura ta, iskar hunturu ba ta busar da ita, gara ba ta da rabo.

Zabi ne suka tona asirinta. Da sanyin safiya na tarar da garke suna kiwo a gefen wata gonar dawa da aka girbe. Na duƙa, na rarrafa har na kusa kai inda nake so, sai gindin bindigar ya taɓa kututture. Ƙwal! Kamar an bugi jarkar da ba ruwa. Ashe cikinta fanko ne, mai sayarwa bai faɗa ba. Zabi suka ɗaga kai, suka fara gudu. Na miƙe na saki harsashi cikin gaggawa, wallahi sai da na ga taurari. Bindigar da na saba da ita tun ina saurayi ta naushe ni a kafaɗa, ta haɗa da kunci, haƙori ya datse mini leɓe. Ko gashin zabo ban tsinta ba. Da na koma gida maiɗakina ta ga shatin, ta ce, "Malam, faɗuwa ka yi da babur?"

Duk maharbi ya san dalili: nauyin katako ne ke shanye dukan da bindiga ke mayarwa, in ka rage nauyi, kafaɗa ce za ta biya. Ga robar da suka liƙa a gindinta, tauri gare ta, ba ta tare komai.

Na kira mai kayan farautar da ya sayar mini. Wai, "Alhaji, sabo za ka yi. In kana son mai kyau akwai ta faiba, ta fi ƙarfi, ba ta lanƙwasa, sai dai kuɗinta ya fi." To me ya hana ka faɗa tun ranar?

Ban ce a jefar da ita ba. Dattijon da ƙarfinsa ya ragu, ko mai farautar damina, za ta yi masa amfani. Amma da na tuna watan Afrilu sai raina ya sake ɓaci. Kun san zafin Sakkwato, ya haura digiri 40, baƙar roba kuma shan rana take. Na jingine ta jikin babur da azahar, da na ɗauka sai da na naɗe hannu da rawani, balle a kai ta kunci.

Na nuna wa wani tsohon masassaƙi tsagaggiyar ƙotar, ya jujjuya ta, ya ce, "Ɗana, maɗaci zan sassaƙa maka irinta." Na bar masa kafin alƙalami. Ta robar tana nan, mai so ya zo mu yi ciniki, amma ya taho da tsumman da zai cusa mata a ciki.