Faifan Gogol Bordello na 2005: Abin da Na Ji a Nima

Ƙanena da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin New York ya aiko mini da wannan faifai na ƙungiyar mawaƙa Gogol Bordello a cikin kayan sallah, ya ce ba zan fahimci zamansa a can ba sai na saurare shi. Sunan faifan Gypsy Punks: Underdog World Strike, kamfanin SideOneDummy ne ya fitar da shi a 2005, kuma yana ɗauke da waƙoƙi 15. Na yi makonni uku ina jin sa a gidanmu da ke unguwar Nima ta birnin Accra kafin na ɗauki alƙalami.

An kafa ƙungiyar Gogol Bordello a 1999 a New York. Jagoranta, Eugene Hütz, an haife shi a 1972 a kusa da Kyiv ta ƙasar Yukren, kuma yana da jinin Romawa, wato al'ummar nan da ta daɗe tana yawo a Turai ana ƙyamarta. Bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986 iyalinsa suka bar gida, daga baya suka bi ta sansanonin 'yan gudun hijira a Folan, Hangari, Ostiriya da Italiya, har suka sauka a jihar Vermont ta Amurka a farkon shekarun 1990. Abokan kiɗansa a lokacin wannan faifai ma galibi baƙi ne: mai goge Sergey Ryabtsev da mai akodiyan Yuri Lemeshev daga Rasha suke, mai jita Oren Kaplan kuma daga Isra'ila.

Abin da ya fara kama ni shi ne gogen. A kiɗan punk, wanda ya tashi a New York da Landan a tsakiyar shekarun 1970, jita mai ƙara da ganga mai sauri su ne ke riƙe da komai. A nan kuwa goge da akodiyan, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa kamar zugazugin maƙeri, su ne a gaba, suna kawo amon bukukuwan aure na gabashin Turai, ganga tana bin su a guje. Steve Albini, wanda ya naɗi faifan, ya yi suna wajen ɗaukar makaɗa yadda suke ba tare da yawan kwaskwarima ba, saboda haka mai sauraro yana jin gogar baka a kan tsirkiya da numfashin mawaƙi kamar a ɗaki ɗaya suke.

Wata ranar Asabar bayan la'asar kawuna ya shigo ya tarar ina saurare. Ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da butarsa, ya ce, "Ɗana, wannan ai goge ne, sai dai mai gogen yana sauri kamar an biyo shi." Da na ba shi labarin mawaƙin, sai ya zauna ya yi shiru, sannan ya tuno mini da 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama wa'adin makonni biyu su bar Ghana, maƙwabtansa da aka haifa a zango suka ɗaure kaya suka hau manyan motoci zuwa ƙasashen da wasunsu ba su taɓa gani ba. Bai fahimci kalma ɗaya ta waƙar ba, amma ya gane gaggawar da ke cikinta.

A ganina, darajar faifan tana cikin harshen Hütz. Yana waƙa da Turancin baƙo, mai karye-karye, yana cuɗa shi da Rashanci da wasu harsuna, kuma ba ya neman afuwar kowa a kan haka. A waƙar Immigrant Punk ya mayar da sunan da ake goranta wa baƙo ya zama kirarinsa. Duk ɗan zango da aka taɓa ce masa Hausarsa ba Hausa ba ce, ko aka tambaye shi asalinsa alhali kakansa a Accra aka binne shi, zai san nauyin wannan tsayuwa. Haɗin punk da kiɗan gargajiya ma bai yi mana nisa ba, domin King Ayisoba, mai kiɗan kologo (molo mai tsirkiya biyu) daga arewacin Ghana, ya yi aiki da Arnold de Boer na ƙungiyar punk ta The Ex daga Holan.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba, kuma wajibi ne in faɗa. Wasu waƙoƙin suna cike da ashar, har sunan ɗaya daga cikinsu ba ya faɗuwa a gaban manya, don haka ba faifan da za a saka wa yara ba ne, ni ma na tsallake su lokacin da kawu yake zaune. Sannan ƙarar ba ta cika sassautawa ba, wanda bai saba ba kunnensa zai gaji kafin ya kai ƙarshe.

Ina ba da shawarar a fara da Immigrant Punk da Start Wearing Purple, a huta, sannan a ci gaba. Na kira ƙanena na shaida masa cewa faifan ya iso kuma na saurara, na kuma roƙe shi ya nemo mini Trans-Continental Hustle na 2010, wanda Rick Rubin ya shirya, domin in ji ko zafin gogen ya ragu bayan sun shahara.