Ofishin Masta na Aboabo: Shawara Kan Zaɓen Sakandare da Sallar Ɗalibai

A wani lungu na Aboabo, cikin Kumasi, akwai ɗan shago mai ɗaki ɗaya wanda wani tsohon malamin sakandare ya mayar ofis bayan ya yi ritaya. Mutanen unguwa Masta suke ce masa. Aikinsa shi ne zama da iyaye a lokacin da 'ya'yansu 'yan ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare suke zaɓen makarantun da suke so kwamfutar gwamnati ta tura su bayan jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare. Cike takardar zaɓe kam kowane shagon intanet yana iya yi, amma abin da ya kai ni wurinsa shi ne labarin da na ji cewa yana da wani littafi da ya rubuta yadda kowace makarantar kwana take tafiyar da sha'anin ibadar ɗalibai Musulmi. Na biya sidi 50, muka zauna ni da 'yata ta fari kusan awa ɗaya.

Littafin nan na rubutun hannu ne, kuma shi ne jarin ofishin gaba ɗaya. A ƙarƙashin sunan kowace makaranta Masta ya amsa tambayoyin da duk uban da ya san darajar salla zai so ya yi: ko akwai ɗakin da aka ware don salla, ko ana barin yara su tashi da asuba kafin ƙararrawa, ko maza suna samun Juma'a, ko kicin yana tanadin sahur a watan azumi, ko yarinya tana iya sa mayafi bayan an tashi daga aji, da kuma ko shiga coci ranar Lahadi dole ne. Da na ambaci wata makarantar rukunin A, wato sahun farko na makarantun sakandare, da yarinyar ta ƙwallafa rai a kanta, sai ya buɗe shafin ya ce mini, "Malam, karatunsu babu laifi, amma lokacin magariba suna ɗakin cin abinci, lokacin isha'i suna ajin dare, kuma ba a fita." Daga nan na fahimci cewa yawancin abin da ke hana yaro salla a makarantar kwana yana cikin jadawalin yini ne, ko da babu wanda ya buɗe baki ya ce an hana.

Ɓangaren da ya fi burge ni shi ne bayaninsa a kan doka, domin bai ɓoye mana inda take da ƙarfi da inda take da sassauci ba. Ya nuna mana sashe na 21(1)(c) na kundin tsarin mulkin Ghana na 1992, wanda ya ba kowa 'yancin bin addininsa da bayyana shi a aikace, da sashe na 17 da ya hana nuna bambanci saboda addini. Sannan ya juya zuwa sashe na 12(2), inda aka ce 'yancin mutum yana tafiya ne tare da mutunta 'yancin wasu da maslahar jama'a, ya ce a nan ne shugabannin makarantu suke jingina idan suna maganar tarbiyya da tsari. Tushen rigimar da ake yi kan ibadar ɗalibai Musulmi, a bayaninsa, shi ne cewa da yawa daga cikin fitattun makarantun ƙasar coci-coci ne suka kafa su, amma gwamnati ce take biyan malamansu, ita ce take tura musu ɗalibai, kuma tun da aka fara sakandare kyauta a 2017 ita ce take ɗaukar nauyin karatun. Coci tana ganin gidanta ne, uba Musulmi kuma yana ganin harajinsa ne ake kashewa, a ƙasar da ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun kai kusan kashi 20 cikin ɗari.

Ya kawo misalai biyu na shekarar 2021 waɗanda duk mai sauraron rediyo zai tuna. A Cape Coast, makarantar Wesley Girls, wadda cocin Methodist ta kafa, ta hana ɗaliba Musulma azumin Ramadan bisa hujjar kiyaye lafiya, hukumar ilimi ta GES ta ba da umarnin a bar ɗalibai su yi azumi idan iyayensu sun amince a rubuce, cocin Methodist kuma ta fito fili ta ce ba ta yarda da umarnin ba. A ƙarshen watan Mayu na wannan shekarar kuwa, Babbar Kotu a Accra ta umarci makarantar Achimota ta karɓi ɗalibai biyu 'yan Rasta da ta ƙi saboda sumarsu. Masta ya ja hankalina ga bambancin da ke tsakani: Achimota ta gwamnati ce tsantsa, babu cocin da za ta ce ita ta gina, saboda haka kada uba ya ɗauka cewa wancan hukuncin zai buɗe masa kowace ƙofa.

Da na kawo masa zancen ƙanena da ke zaune a Amurka, wanda yake yawan cewa a can ba a addu'a a makarantar gwamnati, sai ya gyara mini. Abin da Kotun Ƙolin Amurka ta hana a 1962 shi ne hukuma ta tsara addu'a ta sa a karanta a aji, amma ɗalibi yana iya yin tasa shi kaɗai. A Ghana kuwa, a makarantu da yawa, taron safe da addu'a da waƙar coci ake buɗe shi, kuma babu wani uba a Zango da yake neman a soke wannan. Abin da muke nema shi ne a bar namu su yi tasu. Na kuma gwada shi da tambaya a kan ɗalibi Kirista da kwamfuta ta jefa makarantar Musulmi, ya ce sashen da ya kāre 'yata shi ne ya kāre wancan, kuma wanda ya tilasta masa sauraron wa'azi ba shi da bakin kuka da coci. Wannan amsar ce ta sa na amince da sauran maganganunsa.

Ofishin yana da nasa aibi, kuma bai kamata a rufe shi ba. Bayanan littafin daga bakin iyaye da tsofaffin ɗalibai aka tattaro su, wasu shafukan ma babu shekarar da aka rubuta su, alhali kowa ya san cewa da zarar an canja shugaban makaranta ko mai kula da ɗakin kwana, abin da aka saba yana iya juyewa cikin zango ɗaya. Na biyu, Masta yana saurin karkata iyaye zuwa makarantun Musulmi, kamar Islamic Senior High da T.I. Ahmadiyya, don a huta da rigima. Na fahimci dalilinsa, amma ban yarda da shi gaba ɗaya ba, domin guraben waɗannan makarantu ba za su ɗauke yaran Aboabo da Asawase da Sawaba ba, kuma idan duk muka janye daga manyan makarantun da kuɗinmu yake ciki, mun bar wa wasu abin da muke da haƙƙi a kansa da hannunmu. Ga kuma jira: benci ɗaya ne a waje, babu tsarin layi, mun iso bayan azahar ba mu shiga ba sai da aka kira la'asar.

A ƙarshen zaman ya rubuta mana samfurin wasiƙar da uba zai miƙa wa shugaban makaranta kafin Ramadan, mai nuna amincewarsa da azumin ɗansa, ya kuma ba mu shawarar mu je makarantar da kanmu mu tambayi mai kula da ɗakin kwana kafin mu sa hannu. Mun bi shawarar a makarantu biyu, kuma a ɗaya daga cikinsu mun tarar an ware aji guda don salla, abin da babu shi a littafinsa. Na koma na gaya masa, ya ɗauki biro ya ƙara, wannan karon har da shekara a gefen shafin.