Shagon da ya sa na san maroon daban, burgundy daban

Bari in ba ku labarin shagon da munka sayi mayafan ankon bikin ƙanwata, cikin babbar kasuwar Sakkwato yake wajen masu leshi, ba zan kama suna ba don mutumin ya kyauta mani daga baya.

Amarya ta ce burgundy take so, ta nanata har sau uku. Na tura ma mai shago saƙo ta WhatsApp na ce Alhaji mayafi 14 burgundy, ya ce an gama Hajiya. Da yamma yaron shago ya kawo su cikin leda, ina buɗewa na ga kala kamar ruwan makuba, irin wanda ake yayyafa ma daɓe. Amarya na gani ta ɓata rai wai wannan maroon ne, ni kuwa wallahi lokacin duk ja mai duhu nake ce masu, har na ce mata ke dai kin cika iyayi.

Ashe ita ke da gaskiya. Maroon ja ne da ya karkata wajen ruwan ƙasa, sunan ma daga Faransanci ya zo, marron, wani ɗan itace mai ɓawo ruwan ƙasa. Ku tuna jar fatar nan tamu da dukawa ke rina wa da karan dafi idan ta kwana biyu ta yi duhu, to kusan haka. Shi kuwa burgundy akwai ɗan shuɗi a cikinsa shi ya sa yake kallon shunayya, kamar zoɓo mai kauri wanda ba a cika ma ruwa ba, kuma sunan wani yanki ne na Faransa da anka sani da jar giyar inabi, dalilin da ya sa ƴan kasuwarmu ke ce mai kalar wayin ke nan. Ɗan yayata mai aikin zane a kwamfuta ya nuna mani a waya lambobin da kwamfuta ke auna kala da su, duka biyun ja 128 ne, amma maroon ba shuɗi ko ɗigo, burgundy kuma shuɗi 32. Wai wannan ɗan 32 ɗin ne ya so ya hana ƙanwata barci.

Washegari na koma shagon. Da farko ya ce haba Hajiya ai duk ɗaya ne, sai na ce mu fito da su waje. A cikin shagon ƙwan lantarkin nan mai ruwan ɗorawa ne, komai ya zama ɗaya a ƙarƙashinsa, amma muna fitowa rana, ranar Sakkwato kuwa ba ta ɓoye komai, shi da kansa ya ce lallai wannan ya fi wancan zoɓo. Ya canza mani 11 nan take bai ƙara ko sisi ba, sauran 3 ya ce sai kaya sun iso daga Kano, kuma kwana 4 suka iso.

Yadin mayafin ba laifi, ba ya zuba, na wanke ɗaya da omo don gwaji ruwan bai canza ba. Farashi daidai da na maƙwabtansa, yana ragi in kin ɗauki da yawa. Inda ya gaza shi ne sunayen kala, shi da yaransa duk ba su rarrabe su, kuma hoton da suke turowa ba abin dogaro ba ne. In za ki saya wurinsa ki tafi da ƙyallen kalar da kike so a jaka, ki ce a fito maki da kayan bakin ƙofa. Zan koma, sallah ma can zan sayi nawa, maroon kuma zan ɗauka don ni ya fi kwanta mani.